Tsayuwa a Gidan Kujeru

Takalmin hagu ya ƙi shiga.

Turke ya sassauta igiyar har ƙarshe, ya zura yatsa a bayan dunduniya, ya taka da ƙarfi. Wani abu ya fizge shi daga cikin sha-raɓa har bayan gwiwa. Ya dakata, ya ɗage ƙafar wando yana kallon ƙafafun biyu. Ta dama tana nan yadda ya san ta shekara da shekaru, jijiyoyi sun fito ruɗu-ruɗu, sun nannaɗe a ƙarƙashin fata. Ta hagu kuwa ta cika ta yi sumul, tana sheƙi, har jijiyoyin sun nutse a cikin kumburin. Ya ɗora tafin hannu a kanta. Da ɗumi, kamar goshin mai zazzaɓi.

"Malam, da takalmi kake kokawa da sassafen nan?" in ji matarsa daga bayan keken ɗinkinta.

"Shi ne ya tsufa ya ƙanƙance."

"Ikon Allah. Ƙafa ɗaya ta ƙanƙance ta bar 'yar'uwarta."

Ya saki wandon, ya ɗauki cokalin shayi ya yi amfani da bayansa, ya danna ƙafar ta shiga. Keken bai daina ƙara ba, amma ya san idonta na kansa.

Sunan Turke masu ɗaukar kaya ne suka laƙaba masa, ya bi shi har gida. Shekara goma sha tara ke nan yana tsaye a ƙofar wani babban kantin sayar da kujeru, daga takwas na safe zuwa shida na yamma. Aikinsa ya buɗe ƙofar gilashi, ya yi wa mai shigowa maraba, ya nuna masa ɓangaren da yake nema. A cikin kantin akwai kujeru sun fi ɗari biyu, na falo da na ofis da na cin abinci, kowace a cikin ledarta. Mai saye yana iya zama a kan duk wadda ya ga dama ya gwada. Ma'aikaci ba ya zama.

Ya laluba aljihun gaban riga kafin ya fita. Takardar tana nan, ninki huɗu, gefunanta sun fara yin laushi saboda gumi. Mako uku ke nan yana yawo da ita.

* * *

Mako uku da suka wuce, ranar hutunsa, ya je asibiti, ya ce wa matarsa aski za shi. Ƙaiƙayi ne ya kai shi. Fatar idon sawunsa ta yi baƙi, tana ɓarewa, kuma ƙafafun kan yi masa nauyi da yamma kamar ya ɗaura musu bulo.

Bayan likita ya duba shi, wata nas mai furfura da tabarau ta zaunar da shi ta ɗora ƙafarsa a kan benci.

"Baba, aikin me kake yi?"

"A gidan kujeru nake."

"To ai ka huta."

"Tsayuwa nake yi a ƙofa."

Ta dube shi ta saman tabarau, ba ta yi dariya ba. Ta ce jini ba ya shan wahalar sauka ƙafa, hawowa ne aiki. Naman sha-raɓa ne ke matso shi sama duk lokacin da mutum ya taka. Idan aka tsaya cak awa goma, jinin ya kwanta a ƙasa, jijiyoyin su buɗe, 'yan ƙofofin da ke cikinsu su daina rufewa da kyau. Ta ce ya riƙa ɗan zagayawa, ya zauna minti biyar a kowace awa, ya sha ruwa, in ya koma gida ya ɗora ƙafafun a kan matashi har su fi ƙirjinsa tudu. Ta nuna masa doguwar safa mai matsewa da ke ƙafarta, ta ce ita ma tsayuwar take yi. Sannan ta miƙe ta nuna masa yadda zai riƙa ɗaga dunduniya yana saukewa ko yana tsaye.

"Kamar mai taka keken ɗinki," in ji shi.

"Haka nan. Kana da tela a gida?"

"Maiɗakina."

"To ita ƙafarta ta fi taka lafiya, na tabbata."

Da ta zo miƙa masa takardar da likita ya sa wa hannu, wadda ke roƙon wurin aikinsa su ba shi kujera da ɗan hutu, sai ta riƙe gefenta ba ta saki ba.

"Abu ɗaya, Baba, ka riƙe shi ko ka manta sauran. In ka ga ƙafa ɗaya ta kumbura ita kaɗai, da zafi da ciwo, ka zo a ranar, ba gobe ba. Jini ne kan daskare a jijiyar ciki. Kada ka bari kowa ya yi maka tausa. In gudan ya ɓalle, huhu yake nufa. In kuwa ka ji numfashi na yi maka wuya, ko ƙirji na suka, to ko a tsakiyar me kake, ka bar shi."

Ya ce to. Ya sayi safar a hanya, ya ɓoye ta a ƙasan akwati, domin ba ya son tambaya. Sau biyu ya sa ta a banɗakin kanti, ya cire kafin ya iso gida.

* * *

Dokar hana zama ta girmi manaja uku. An ce mai kantin ne ya taɓa shigowa ba zato ya tarar da wani yana gyangyaɗi a kan kushin. Washegari aka kwashe 'yan kujerun ma'aikata aka kulle a sito. Daga baya aka kafa kyamarori, aka sa lasifika a rufi. Manajan yanzu, matashi ne mai ladabi wanda ba ya ɗaga murya, yana zaune a ofishin gilashi a bene, allo shida a gabansa.

A makon farko bayan zuwansa asibiti Turke ya gwada abin da nas ta koya masa. Ya ɗaga dunduniya ya sauke, sau goma, sau ashirin. Ya ji kamar ana zuƙe nauyin daga ƙafarsa. A kwana na uku lasifikar ta yi ƙaras.

"Baba, ƙofa fuskar kamfani ce. A daina rawa, don Allah."

Masu ɗaukar kaya suka yi mako suna kiransa sarkin rawa. Bai sake ba.

Zaman da ya rage masa a yini shi ne na tahiya. Minti goma ake bayarwa na salla, a wani lungu bayan sito, kuma ya san yana jan zaman ƙarshe fiye da yadda ya kamata. Yau da ya lanƙwasa ƙafar hagu zai zauna, sai da ya ciji leɓe. Ya idar da sallar ƙafar a miƙe.

"Baba Turke, yau tafiyarka irin ta ango ce da sabon takalmi," in ji kashiya da ya dawo. Mace ce mai 'ya'ya uku, shekararta tara a bayan kantar karɓar kuɗi. Ita ma a tsaye take aiki, amma ta gano cewa kyamara ba ta ganin ƙasan kantar, don haka takan tuɓe takalmi ta tsaya a kan kwali.

"Amaryar ce ta taka ni."

"Mama? Ai ba ta da nauyin da za ta yi maka wannan." Ta rage murya. "Baba, ka je a duba ka."

"Bayan ragin farashi."

Gobe ne za a buɗe ragin farashi na shekara, kwana shida. An liƙa sanarwa a ƙofar sito tun makon jiya: ba hutu, ba uzuri, wanda bai zo ba ya ɗauka ya ajiye aiki.

Wani mai saye ya shigo da matarsa, ya tsaya a gaban babbar kujerar da ke dab da ƙofa, mai ruwan ƙasa, mai wurin miƙe ƙafa. Ita ake ajiyewa a nan don ta ja ido, in an saya a kawo irinta.

"Alhaji, gwada ta," in ji Turke da muryar da ya saba. "Wannan in ka zauna, sai an roƙe ka ka tashi."

Mutumin ya zauna, ledar ta yi ƙara, ya lumshe ido ya ce lallai. Turke ya yi murmushi. Ya faɗi wannan magana sau dubbai. Bai taɓa sanin ko gaskiya ce ba.

* * *

A tashar bas, ƙarƙashin wata lema, wani da ake kira mai madubi yana sayar da caja da katin waya. Shekara goma sha huɗu ya yi a ɓangaren madubai na kantin, har gyambo ya fito masa a idon sawu ya ƙi warkewa. Shi ma takardar likita ya kai. Aka karɓa da hannu biyu, aka yi masa sannu. Bayan wata ɗaya aka ce an rufe ɓangaren madubai, aka sallame shi. Bayan wata biyu aka buɗe shi da wani mutum.

Yanzu yana zaune a kan kujerar roba, ƙafarsa a kan kwali, da bandeji, yana korar ƙuda da jarida.

"Turke, har yanzu ba a cire ka ba? Ni dai ka ga na samu kujera."

"Kai ka ci riba."

"Zo nan. Tun daga tsallaken titi nake kallon tafiyarka."

Turke ya so ya ƙi, amma mutumin ya riga ya kama ƙafar wandon ya ɗage. Ya daɗe yana kallo. Wasan ya bar fuskarsa.

"Wannan ba irin tawa ba ce. Tawa a hankali take ci na. Wannan mai sauri ce." Ya nuna ɗaya gefen titin da jaridar. "Ga motar asibiti can. Tsallaka."

"Gobe ake buɗewa."

"Ba su ba ka takarda ba?"

"Na ga abin da taka ta yi maka."

Mai madubi ya saki ƙafar wandon. Ya koma korar ƙudansa.

Motocin biyu suka iso kusan tare, ɗaya a kowane gefe. Turke ya tuna autarsu, saura zango biyu ta gama kwaleji. Ya tuna yadda matarsa take miƙo masa allura yanzu ya zura mata zare, domin idonta ya fara gazawa. Ya hau motar gida. Ba wurin zama, ya kama ƙarfe ya tsaya.

* * *

Rana ba ta gama faɗuwa ba ya iso. Tun daga ƙofa ya ji warin man zafi. Matarsa ta rufe keken da zane, ta ajiye baho a tsakar ɗaki, tururi na tashi, da tawul a kafaɗarta.

"Zauna. Miƙo takalmin da ya ƙanƙance."

"Bar shi, gajiya ce. Zan ɗora ta a kan matashi."

"Malam, shekara talatin ina kallon ƙafafun nan. Yau ne za ka ɓoye mini su?"

Ta durƙusa ta kwance igiyar, ta yi ta jan takalmin har ya fita. Da ta ga ƙafar, sai ta tsoma tawul a ruwan ta matse.

Maganar nas tana nan a kunnensa, kalma ba ta ɓace ba. Abin da zai ce kaɗan ne: likita ya hana. Amma zai ji tambaya ta biyo baya, wane likita, yaushe, me ya ce. Za ta laluba aljihu ta samu takardar. Ya san matarsa. Ita ce ta taɓa zuwa makarantar 'ya'yansu ta tsaya a ofishin shugaba har sai da aka kira malamin da ya fasa wa ɗansu baki. Gobe da safe za ta yafa mayafi ta riga shi isa kantin, ta hau benen nan ta faɗa wa manaja abin da ke ranta a gaban masu saye. Kafin azahar zai zama maƙwabcin mai madubi a tasha.

Kwana shida ne kawai, ya ce a ransa. Wataƙila ma ba abin da nas ta faɗa ba ne.

Tawul ɗin ya sauka a kan fatar. Zafin ya ratsa shi, ya saki numfashi. Ta lakato man, ta murza a tafin hannu, ta kama daga idon sawu.

"A hankali," in ji shi.

"In ba a danna ba, jinin ba ya watsewa. Haka nake yi wa babana." Manyan yatsunta suka nutse a naman sha-raɓa, suka tura sama. Hannun tela ne, mai ƙarfi. "Ƙafafun da suka yi shekara biyu suna sintiri a ƙofar gidanmu. Tun a lokacin ma tsayuwa ka iya. Yayana ya ce wannan saurayi ne ko fitilar titi?"

Ya yi dariya, haƙoransa a cije. Rabon da ta taɓa shi haka, tana hira tana tsokana, har ya manta. Ta dawo ƙasa, ta sake turawa sama, har bayan gwiwa, inda wani wuri ya yi tauri. Ta tsaya a nan.

"Ga shi. Nan ciwon ya taru."

Ta danna. Ya kama hannun kujerar da yake kai, ya kalli rigarsa a rataye a ƙusa, aljihun ya ɗan yi tudu.

"Ka ji sauƙi?"

"Na ji."

"Ka gani. Da ka biye wa taurin kanka."

Yana kallon furfurar da ke leƙowa daga ɗankwalinta ya yanke shawara. Gobe zai kai takardar, ya nemi awa biyu ya je asibiti. Duk abin da zai faru, gara ya fito daga bakinsa.

* * *

Da safe matarsa ta tsaya a kansa har ya sa takalmin. Da cokali ya shiga, amma ta ce ya fi jiya, shi ma ya ce ya fi.

Matakalar ofishin manaja goma sha huɗu ce. A ta shida ya tsaya. Ba ƙafar ba ce. Iska ce ta ƙi isa inda take isa, kamar yana shaƙa ta cikin tsumma. A ta goma sha ɗaya ya sake tsayawa, wani abu ya soke shi a ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Ya jira ya wuce. Bai wuce duka ba.

Manaja ya karɓi takardar, ya warware ta, ya karanta har ƙasa. Akwai kujerar baƙi a gaban teburin. Babu wanda ya dube ta a cikinsu.

"Sannu, Baba. Wallahi ban sani ba." Ya duba kwanan watan. "Ka san ba ni na kafa dokar ba. In na aika wannan sama yau, ka san irin amsar da ke dawowa. Ni ba na so in rasa ka. Bari mu fita makon nan, in san yadda zan shigar da maganar."

"Ko awa biyu ne, ranka ya daɗe. In je su duba."

Manaja ya kalli allo na farko. Mutane sun riga sun yi layi a waje, har sun toshe gaban shagon maƙwabta.

"Da azahar, in sun ragu. Ni da kaina zan sa a kai ka."

Ya ajiye takardar a gefe, ya ɗora kofin shayinsa a kai don kada fanka ta ɗauke ta.

Ƙarfe takwas Turke ya buɗe ƙofa. Sannu da zuwa, kujerun falo na dama. Sannu da zuwa, Hajiya, na cin abinci na ciki. Da farko yana faɗin jimlar duka. Wajen ƙarfe goma ya koma sannu da zuwa kawai. Daga baya ya koma nuni da hannu. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga duk da sanyin na'ura. Zuciyarsa na gudu kamar ta wanda ya biyo mota.

Tari ya taso masa. Ya juya baya ga kyamara, ya tare da hankici. Da ya duba, akwai ɗan jan zare a tsakiyar farin. Ya ninke shi ya mayar aljihu, inda takardar take a da. Ya ɗaga kai ya ga kashiya tana kallonsa ta saman kawunan mutane.

Agogon bango ya ce sha ɗaya da kwata. Ya yi ƙoƙarin lissafa abin da ya rage zuwa azahar, lissafin ya ƙi tsayawa. Fitilun rufi suka yi nisa. Hannunsa ya saki ƙofar, ya lalubi wani abu, ya samu hannun babbar kujerar mai ruwan ƙasa.

Ledar ta yi ƙara a ƙarƙashinsa.

Ashe gaskiya yake faɗa wa mutane. Kujerar ta karɓe shi ta ko'ina, ta tallafe bayansa, ta riƙe wuyansa. Bai san akwai abu mai laushi haka a taku biyu daga inda yake tsayuwa ba.

Lasifikar ta yi ƙaras. "Baba..." Sai ta katse.

Kashiya ce ta fara isowa, ba takalmi, jijiyoyin ƙafarta a waje kowa na gani. Ta ɓalle masa maɓallin wuya, tana kiran masu ɗaukar kaya su kawo mota bakin ƙofa. Wani mai saye ya ce a ba shi ruwa, wani ya ce a ba shi iska. Masu ɗaukar kaya huɗu suka zo. Babbansu ya dubi fuskar Turke, ya ce kada a tashe shi. Suka sunkuya, kowa ya kama kusurwarsa yadda suka saba, suka ɗaga shi har da kujerar.

Manaja ya sauko da gudu, fuskarsa ta canza. Ya riƙe musu ƙofar da kansa.

"Ku yi sauri. Ku kira ni in kun isa." Ya bi su taku biyu, ya rage murya. "Kujerar an saya tun ɗazu. Ku dawo da ita, kada ledar ta yage."

Suna juyawa da shi za su sa a mota, Turke ya ga ƙofar daga waje. A kan tayil ɗin ƙasa da ke gefenta akwai wurare biyu da suka koɗe suka yi fari, kusa da juna, na hagu ya ɗan karkace. Bai taɓa ganinsu ba, domin kullum yana kansu.

Manaja ya yafito wani daga ma'aikatan ciki. Mutumin ya gyara wuyan rigarsa, ya zo ya tsaya. Takalmansa suka rufe fararen wuraren daidai.